Gonar Koko Mai Ciyar Da Mai Ita

Baƙon da ya fara shiga sabuwar gonar koko a ƙasar Asante ta Gana, ko a jihar Ondo ta Nijeriya, da wuya ya gane ko gonar mece ce. Abin da idonsa zai fara gani shi ne agada, watau babbar ayabar nan da ake soyawa ko a dafa, ta baza ganye ko'ina. Ƙarƙashinta ga gwaza, ga rogo, ga masara, can gefe kuma ga barkono da kuɓewa da gauta. Sai ya sunkuya ya duba da kyau sa'an nan zai ga waɗansu 'yan itatuwa da ba su wuce gwiwa ba, suna laɓe cikin inuwa. To, waɗannan su ne koko, wanda ake yin cakulan da 'ya'yansa, kuma dominsu aka yi sharar gonar tun farko.

Wannan gauraya da baƙo zai ɗauka hargitsi ce, ita ce ta kafa noman koko a Afirka ta Yamma. An yi shekaru ana raina ta, ana cewa aikin rashin sani ne. Yau kuwa, da kurmi ya kusa ƙarewa, tsofaffin gonaki kuma suna mutuwa, gwamnatoci da masana sun komo suna roƙon manoma su riƙe ta. Maganar ba ƙarama ba ce, gama a shekarun baya Kwaddibuwa da Gana su kaɗai sun riƙa ba duniya wajen kashi 60 cikin 100 na kokon da take sha, a Afirka kuma Nijeriya da Kamaru ne ke biye. Miliyoyin iyalai ne cinsu da shansu ya rataya a kan wannan itace.

Itacen Da Ya Saba Da Inuwa

Asalin koko daga kurmin Amazon yake, a Amurka ta Kudu, inda yake tsirowa ƙarƙashin manyan itatuwa. Saboda haka tun halittarsa bai saba da tsananin rana ba, balle yana ƙarami. Dashen da aka bari a fili ganyensa yakan ƙone, iskar hunturu kuma ta busar da shi kafin saiwarsa ta kama ƙasa sosai. Mutanen Amurka ta Tsakiya sun daɗe da sanin haka, har akwai wani itace mai saurin girma da suke dasawa don ya yi masa inuwa, wanda suke kira uwar koko.

A Gana ana danganta yaɗuwar koko da wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie, wanda ya kawo iri daga tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, ya shuka a Mampong a 1879. Kafin 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, kuma ta riƙe wannan matsayi har wajen 1977, sa'ad da Kwaddibuwa ta wuce ta. Abin mamaki shi ne, ƙananan manoma ne suka yi wannan aiki, ba tare da banki ko manyan gandayen Turawa ba. Baturiyar nan Polly Hill, wadda daga baya ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta rubuta littafi a kan tattalin arzikin ƙauyen Hausa, ta nuna a littafinta na 1963 yadda manoman kudancin Gana suka riƙa haɗa kuɗi suna sayen kurmi, suna ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan suna dasa koko. Tambayar da ta rage ita ce, me mutum zai ci kafin itacen ya fara haihuwa? Tsohon irin nan da ake kira Amelonado yakan yi shekara biyar ko fiye kafin a ga amfaninsa, sabon irin da aka tagwaita ma sai ya yi kamar shekara uku.

Shekarun Farko

Amsar tana cikin gonar kanta. Idan manomi ya yi shara, yakan bar waɗansu manyan itatuwa a tsaye. Da ruwan farko ya sauka sai ya shuka masara, ya dasa agada da gwaza da rogo, wani lokaci da doya. Agada ita ce kan gaba, domin tana saurin girma, ganyenta kuma faffaɗa ne. Ma'aikatan gona suna ba da shawarar a dasa koko da tazarar mita uku tsakanin kowane itace da ɗan'uwansa, watau itace 1,111 a hekta ɗaya, wadda ta yi daidai da eka biyu da rabi, a kuma sa agada tsakanin layuka da irin wannan tazara, ta riga kokon shiga ƙasa.

Daga nan sai gona ta riƙa biyan mai ita bi da bi. Masara takan nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Barkono da kuɓewa da gauta suna shiga tukunya tun damina ba ta ƙare ba. Gwaza a ci ganyenta a miya, a jira ƙwayarta. Agada kuwa bayan kamar shekara guda take fara ba da nono, sa'an nan 'ya'yanta su ci gaba da tsirowa daga gindi har shekara uku ko huɗu. Abin da ya yi saura bayan an ci, a kai kasuwa a samu kuɗin ƙwadago.

Bugu da ƙari, noma ɗaya ke yi wa kowa aiki. Wanda ya share ciyawa domin gwazarsa, ya share wa koko ke nan. A wurare da yawa na Gana mata ne ke kula da abincin da ke cikin sabuwar gona, saboda haka su ne masu renon dashen a shekarun da ya fi bukatar reno, ko da yake sau da yawa sunan miji ne ke kan gonar.

Akwai kuma wani amfani da ido ba ya gani. Furen koko ƙanƙane ne ƙwarai, zuma ba ta cika kula shi ba. Waɗansu 'yan ƙudaje ne da ba su kai sauro girma ba suke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan har a sami 'ya'ya. Su kuwa waɗannan ƙudaje a cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawon koko da kututturen agada suke hayayyafa. Gonar da aka share ta fes, ba danshi ba ruɓaɓɓen abu, furenta da yawa zubewa yake yi a banza.

Hatta yarjejeniyar da ke tsakanin mai ƙasa da baƙon manomi a kan wannan tsari aka gina ta. A ƙasar Akan akwai abin da ake kira abunu, inda baƙo zai karɓi daji ya share, ya dasa koko, ya riƙa cin abincin da ya shuka a ciki, idan gona ta kafu a raba ta biyu. Akwai kuma abusa, inda mai kula da gonar da ta riga ta girma yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Dubban mutane daga arewacin Gana, da Burkina Faso, da Togo, da Mali, da Nijar sun shigo kurmi ta wannan hanya hannu rabbana, kuma agada da gwaza ne suka riƙe su har suka tsaya da ƙafafunsu.

Bayan Rassa Sun Haɗe

Daga shekara ta huɗu ko ta biyar rassan koko sukan haɗe, rana ta daina isa ƙasa. A nan masara da rogo suke sallama, agada ma ta rage sai a gefen gona ko inda wani itace ya mutu. A zamanin da, manomi sai kawai ya matsa gaba ya share wani dajin, ya sami sabon wurin abinci da sabon koko a lokaci guda. Haka noman ya yi ta tafiya a Gana, daga gabashin ƙasar zuwa Asante, zuwa Ahafo, har ya dangana da yammaci. A Kwaddibuwa ma daga gabas ya taso, ya ratsa tsakiya, ya ƙare a kudu maso yamma wajen Soubré da San Pedro.

Amma tsohuwar gona ba koko kaɗai ke cikinta ba. Manomi mai hangen nesa tun yana dasa koko yake jefa goro, da kwakwar manja, da lemo, da fiya, da mangwaro a tsakani. Dalilinsa a fili yake. Babbar kakar koko daga watan Oktoba take zuwa farkon sabuwar shekara, sai ƙaramar kaka a tsakiyar damina. Sauran watanni aljihu wayam. Kwakwa kuwa ta fi haihuwa daga Fabrairu zuwa Mayu, daidai lokacin da kuɗin koko ya ƙare. Lemo da fiya kowanne da lokacinsa. A ƙarƙashin inuwar kuma ana tsintar dodon koɗi, ana samun itacen girki da na magani, a ƙasar Yarbawa har da faffaɗan ganyen nan da ake ƙunsa alale da shi, wanda mata ke yanka suna kaiwa kasuwa. Manomin ƙasar Hausa da ke shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya, ya kuma bar gawo da ɗorawa a tsaye, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan hikima.

Goro, Maƙwabcin Koko

Cikin itatuwan nan duka, goro ne ya haɗa gonar koko da kasuwannin Arewa. Shekaru aru-aru fataken Hausa suna zuwa Gwanja, suna sayen goron kurmin Asante a kasuwar Salaga, su ɗauro wa jakuna zuwa Kano da Sakkwato. A farkon ƙarni na 20 manoman Agege, kusa da Ikko, waɗanda suka riga suka fara noman koko, suka soma dasa irin wannan goro. Har yau Yarbawa gbanja suke kiransa, watau sunan Gwanja bai rabu da shi ba. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano a 1912, sai kasuwa ta buɗe, dashen goro ya bazu cikin ƙasar Egba da Remo da sauran wurare. A inda ƙasa ba ta karɓi koko sosai ba, goro ne ya gaje shi. Ta haka unguwar Sabo ta Shagamu ta zama babbar matattarar 'yan goro.

Saboda haka, goro mai yawa da ake rabawa a wurin ɗaurin aure da suna, daga tsakiyar gonakin koko ya fito. Ga manomi kuma goro tamkar asusu ne, domin idan aka wanke shi aka jera cikin kwando da ganye yakan yi watanni bai lalace ba, a fitar a sayar ran da bukata ta taso. Cibiyar binciken koko ta Nijeriya, wadda aka kafa a Badun a 1964, ita ce kuma aka ɗora wa binciken goro, tana kuwa gwada hanyoyin dasa su biyun a gona ɗaya.

Gwajin Tafo

To, me ya sa aka juya wa inuwa baya? Labarin ya faro ne daga Tafo, a gabashin Gana, inda aka kafa tashar binciken koko a 1938. A wajejen ƙarshen shekarun 1950 masana suka fara wani gwaji a can. Suka sare itatuwan inuwa a wani sashe na gona, suka zuba takin zamani, suka bar wani sashe yadda yake. Sashen da aka buɗe wa rana aka kuma ba shi taki ya ba da amfani ninkin-ba-ninkin. Labari ya bazu. Sababbin irin da aka tagwaita, masu jure rana fiye da na da, suka ƙara wa mutane ƙarfin gwiwa.

Sai dai rabin labarin aka ɗauka. Da gwajin ya yi nisa, masanan suka ba da rahoto a 1974 cewa itatuwan da ke rana sun tsufa da wuri, ƙwari sun fi damunsu, rassansu suna bushewa daga sama, har suka ƙiyasta cewa ƙarfin irin wannan gona ba zai wuce kamar shekara goma ba. Ban da haka, yawan amfanin ya dogara ne a kan taki da feshi a kowace shekara, abin da ƙaramin manomi ba ya iyawa. Abin da ya faru a ƙauyuka shi ne an sare inuwa, ba a zuba taki ba. Ƙasar sabon kurmi ta ciyar da koko na ɗan lokaci da kitsen da ta tara, da ya ƙare sai a matsa gaba.

Kwaddibuwa ce ta fi bin wannan hanya. An ƙiyasta kurminta da hekta miliyan 16 a farkon ƙarni na 20, amma ƙidayar da gwamnatin ƙasar ta fitar a 2021 ta nuna abin da ya rage bai kai hekta miliyan 3 ba. Yanzu ba sauran wurin matsawa. A 2017 Kwaddibuwa da Gana da manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a kan alkawarin daina sare kurmi domin koko, a 2023 kuma Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigo da kokon da aka noma a wurin da aka sare kurmi bayan ƙarshen 2020, ko da yake an ɗage ranar fara aiki da ita. Ke nan dole a koma a raya tsofaffin gonaki, a kan ƙasar da ta riga ta gaji.

Darasi Daga Kamaru

Shin koko zai iya kafuwa a ƙasar da ba kurmi? Manoman yankin Bokito, a tsakiyar Kamaru, sun ba da amsa tun shekaru da dama da suka wuce. Wurin nasu fili ne mai tofa, ruwan sama kuma bai kai yadda littattafai suka ce koko yana bukata ba. Sukan fara da kashe tofar, ko dai ta hanyar dasa kwakwa da yawa har inuwarta ta danne ciyawar, ko kuma ta noma gyaɗa da masara da rogo shekara bayan shekara. Sa'an nan su dasa koko tare da lemo da fiya da goro da sauran itatuwan marmari, su bar itatuwan daji su tsiro. Masu bincike na Kamaru da Faransa da suka auna waɗannan gonaki sun tarar ƙasarsu ƙara kyau take yi da tsufa, saboda ganyen da ke zuba yana ruɓewa, kuma akwai gonakin da suka haura shekara 60 suna ba da amfani. Manomi yakan maye gurbin itacen da ya mutu ɗaya bayan ɗaya, ba ya jira gona ta mutu gaba ɗaya.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, kowane allazi da nasa amanu. Inuwar da ta yi yawa tana tara danshi, danshi kuwa shi ne abincin cutar nan da ke baƙanta 'ya'yan koko su ruɓe a kan itace. Rana mai yawa kuma tana jawo ƙwarin da mutanen Gana ke kira akate, masu tsotse rassa. Sai an sami tsaka-tsaki. Cibiyar Tafo tana ba da shawarar manyan itatuwa 15 zuwa 18 a hekta ɗaya. Wani bincike da aka yi a Gana aka buga a 2018 ya nuna inuwar da ba ta wuce kashi 30 cikin 100 ba, ba ta rage amfanin koko, amma daga nan zuwa sama amfani yakan fara raguwa.

Haka nan ba kowane itace ne abokin zama ba. Rimi da kuka suna ɗauke da cutar kumburin reshe, wadda aka fara ganowa a Gana a 1936, ba ta kuwa da magani sai sara. An sare itatuwan koko fiye da miliyan 200 a ƙasar saboda ita. Goro ma, da yake dangin koko ne, suna tarayya a kan waɗansu ƙwari, inuwarsa kuma tana da kauri, don haka sai an ba shi tazara. A wuraren da ruwa ya yi ƙaranci, wani itacen yakan yi wa koko kishiya wajen shan ruwa. A farin 2015 zuwa 2016, masu bincike a Gana sun ga kokon da ke ƙarƙashin waɗansu itatuwa ya mutu fiye da wanda ke fili. Zaɓen itace ya zama ilmi mai zaman kansa, tsofaffin manoma kuwa sun san waɗanda ke sanyaya ƙasa da waɗanda ke busar da ita.

Babbar matsala kuma ta doka ce. A Gana, tun dokar 1962, itacen katako da ya tsiro da kansa a gonar mutum yana hannun hukuma ne, ita ke ba 'yan katako izinin sara. Sukan shigo da motoci su kayar da itace, ya faɗa kan koko, diyya kuma ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka manoma da yawa sukan kashe irin waɗannan itatuwa tun suna ƙanana, don gudun ɓacin rana. Gyaran dokar da aka yi a 2002 ya ba manomi mallakar itacen da ya dasa da hannunsa, amma sai ya tabbatar da cewa shi ya dasa, yin rajistar kuwa yana da wuya ga mutumin ƙauye. Shi ma baƙon da ke aiki a ƙasar wani ba zai yi ɗokin dasa itacen da sai bayan shekara 20 za a ci moriyarsa ba.

Shekarun Wuya

Shekara biyu sun isa misali. A 1983 fari da gobarar daji suka cinye gonaki masu yawa a Gana, ga kuma kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya suka komo gida cikin yunwa. Kokon ƙasar, wanda ya haura tan 550,000 a kakar 1964 zuwa 1965, ya faɗo zuwa wajen tan 159,000. A lokacin nan waɗansu manoma suka sare kokonsu suka shuka masara da rogo, gama ba a tuƙa tuwo da 'ya'yan koko.

A 2024 kuma, cuta da rikicewar damina suka rage amfani a Gana da Kwaddibuwa. Gana da ta haura tan miliyan 1 a kakar 2020 zuwa 2021 ta sami wajen rabin haka. Farashin tan ɗaya a kasuwar duniya, wanda ya daɗe a wajen dala 2,500, ya wuce dala 12,000 a watan Disamba na 2024, kafin ƙarshen 2025 kuma ya sauko zuwa kusan rabi. Manoman Nijeriya, inda aka rushe hukumar sayen koko tun 1986, sun ɗanɗana hawan, suka kuma ɗanɗana saukar. Na Gana da Kwaddibuwa, inda gwamnati ke yanka farashi, ba su sami cikakken rabonsu ba, ga kuma buhunan sun ragu. A kowane hali, gidan da ke da agada da manja da goro bai kwana da yunwa don jiran farashin Landan ba.

A shirin da hukumar koko ta Gana ta yi na raya gonakin da cutar kumburin reshe ta kashe, bayan an sare itatuwan da suka kamu, abin da ake fara sawa a ƙasa shi ne agada da itatuwan inuwa, sa'an nan dashen koko ya biyo baya. Watau an komo kan tsarin da manoman Mampong suka fara da shi fiye da shekara 140 da suka wuce. Abin da ya rage a hannun hukumomi shi ne su wadata manoma da dashe mai kyau na goro da kwakwa da lemo, su gyara hanyoyin da za a fitar da agada kafin ta ruɓe, su kuma tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, shi da 'ya'yansa.